Yadda Ake Naɗe Dogon Jerin Sunaye a Buga Shi a Shafi Ɗaya

Abin da nake so in yi magana a kansa a wannan fitowa ƙaramin abu ne a ido, amma ya taɓa jefa ni cikin kunyar da ba zan manta da ita ba, har ya kusa haɗa wani ɗan ajinmu da mahaifinsa. Watau maganar yadda za a ɗauki dogon jerin sunaye da ke cikin kwamfuta, a buga shi a takarda ɗaya tak, rubutu bai ƙanƙance ba, sunan kowa kuma bai salwanta ba. Zan fara da ba ku labarin abin da ya same ni, sa'an nan in bayyana hanyoyin da na koya daga baya, domin Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Mafarin magana

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu mai kula da ɗakin kwamfuta ya kira ni, ya nuna mini jerin sunayen 'yan aji shida waɗanda aka kammala yi musu rajistar jarrabawar ƙarshe. Mu 192 ne. Ya ce mini, "Ga aiki nan. Ka buga mini wannan a takarda ɗaya, don gurbin takarda ɗaya kaɗai ya rage cikin gilashin allon sanarwa." Na ce, "To, Malam, an gama." Ni a zatona aikin minti biyar ne.

Kafin in ci gaba, bari in yi wa iyayenmu bayanin inda sunayen suke. Suna cikin jadawalin kwamfuta ne, a manhajar da ake kira Excel. Duk wanda ya taɓa ganin littafin lissafin ɗan kasuwa, wanda aka ja wa layuka tsaye da kwance, to ya ga kamannin wannan jadawali. Waɗanda suka kwanta su ake kira layuka, ana ƙidaya su da 1, 2, 3. Waɗanda suka tsaya su ake kira ginshiƙai, ana ƙidaya su da A, B, C. Inda layi da ginshiƙi suka haɗu kuwa shi ne gida, kowane gida da sunansa, kamar A1 ko B20. Waɗansu Amurkawa biyu, Dan Bricklin da Bob Frankston, su suka fitar da irin wannan manhaja ta farko da ta bazu a ƙananan kwamfutoci, mai suna VisiCalc, cikin 1979. Excel kuwa ta fito cikin 1985, kuma tun daga fitowar 2007 falle ɗaya nata yana da layuka 1,048,576. Ashe ke nan jadawali ba ya jin tsawo. Takarda ce mai iyaka.

Jerinmu ginshiƙi biyu ne kurum, lamba a A, suna a B. Layi na 1 yana ɗauke da kanun jeri, sunaye kuma sun fara daga layi na 2 har zuwa na 193. Ku riƙe wannan a ka, don nan gizo ke saƙa.

Lissafin takarda

Da na danna Ctrl da P don in ga hoton yadda bugun zai fito, sai na ga shafi biyar. Kowane shafi rubutu ya maƙale a gefen hagu siriri kamar igiya, sauran takardar fari fat, shafi na biyar kuwa suna ɗaya rak ke cikinsa.

Dalilin haka lissafi ne irin wanda muke yi a aji. Takardar A4 da muke amfani da ita faɗinta milimita 210, tsawonta milimita 297, watau wajen inci 11.7. Excel takan bar kashi uku cikin huɗu na inci a sama, haka kuma a ƙasa, saura wajen inci 10.2. Masu ɗab'i suna da ma'auninsu na maki, wanda maki 72 suke yin inci ɗaya, kuma da shi ake auna girman harafi. In an mayar da inci 10.2 maki, za a sami wajen 734. Tsawon layi ɗaya bisa al'ada wajen maki 15 ne. Raba 734 gida 15, ka sami layuka 48 da ɗan canji. Layuka 193 kuwa sun ɗara shafi huɗu da layi ɗaya, shi ya sa na biyar ya fito.

Kuskurena na farko

Na duba na ga akwai wurin da ake cewa kwamfuta ta matse komai ya shiga shafi ɗaya. Na danna da murna. Lalle kam ya shiga, sai dai kwamfuta ba ta naɗe jerin ba, ƙanƙantar da shi ta yi. Abin da ya cika shafi huɗu in za a cusa shi a ɗaya, tilas a rage shi zuwa rubu'in girmansa, harafi mai maki 11 ya koma ƙasa da maki 3. Da takardar ta fito sai ka ce tururuwa ce ta yi jerin gwano a bakinta. Malam ya ɗaga ta sama ya duba, ya yi dariya ya ce, "Wannan ai sai mu rataye madubin likita a jikin allo." Ya fita zuwa aji ya bar ni.

Kuskurena na biyu

Sai na yi tunani, na tuna yadda jarida da ƙamus suke. Rubutu yakan gangara ƙasa, in ya kai ƙarshen takarda ya koma sama ta gefen dama ya ci gaba. Na ce ai ni ma haka zan yi, in raba 192 gida huɗu, kowane kashi 48, in jera su kafaɗa da kafaɗa. Tunanin daidai ne. Wajen aikatawa na yi ɓarna.

Na buɗe sabon falle, na shiga kwafa da hannu. Na kwafi layi na 2 zuwa na 49, na ajiye. Na kwafi na 50 zuwa na 97, na ajiye a gefensa. Yanzu ya kamata in fara daga layi na 98. To, amma lambobi iri biyu ne a gaban idona, akwai lambar layi wadda kwamfuta ta rubuta a can gefe, akwai kuma lambar ɗalibi da ke ginshiƙin A, kuma saboda kanun nan da ke layi na 1, kullum lambar layi ta fi lambar ɗalibi da ɗaya. Ga shi an kaɗa ƙararrawa, ina sauri. Idona ya sauka kan 98 na ɗalibai, na fara daga nan, na tsallake ɗalibi mai lamba 97 ban sani ba. Da na gama na ga ginshiƙi na ƙarshe ya gaza sauran da layi ɗaya, amma ban tsaya na tambayi kaina dalili ba. Na buga, takarda ta fito tsaf gwanin sha'awa, aka manna ta. Sauri ya haifi nawa.

Abin da ya biyo baya

Bayan kwana biyu muna ɗakin kwamfuta sai ga wani dattijo ya yi sallama, ɗansa na biye da shi, idon yaron ya yi ja. Ashe dattijon ya zo makaranta wani uzuri, ya tsaya gaban allo ya bi sunaye ɗaya bayan ɗaya da yatsa har sau biyu, bai ga na ɗansa ba. Shi kuwa sai da ya sayar da hatsi kafin ya haɗa kuɗin rajista, ya damƙa wa yaron a hannu ya kawo. Me kuke tsammani zai zo masa a rai? Ya ce, "Malam, ku gaya mini gaskiya, yaron nan ya kawo kuɗin ko bai kawo ba?" Yaron sai rantsuwa yake yi.

Malam ya ba shi kujera, ya buɗe jerin asali, sai ga sunan yaro a lamba ta 97. Ya ɗauko takardar da na buga, ya sa yatsa a gindin ginshiƙi na biyu, 96. Ya kai yatsa kan na uku, 98. Ya juyo ya dube ni, bai ce uffan ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa na ce, "Baba, laifina ne, ni na tsallake sunansa, ka gafarce ni." Dattijon ya yi shiru, can ya ce, "Tashi, yaro, ba komai. Amma ka sani, sunan mutum ba abin wasa ba ne." Ya dafa kan ɗansa suka fita.

Ran nan Malam bai yi mini faɗa ba. Zaunar da ni ya yi bayan an tashi, ya koya mini hanyoyi uku waɗanda kwamfuta ce da kanta za ta yi rabon. Ga su nan kamar yadda na rubuta a littafina.

Hanya ta farko: a kai jerin cikin Word

Excel ba ta da wurin da za a danna jeri ya naɗe kansa irin na jarida, amma 'yar'uwarta Word tana da shi. Sai ka zaɓi dukan jerin, lamba da suna, ka kwafa da Ctrl da C, ka buɗe sabuwar takarda a Word, ka ajiye da Ctrl da V. Sa'an nan ka je sashen da aka rubuta wa Layout, ka danna Columns, ka shiga More Columns, ka rubuta 4. Nan take jerin zai gangara ginshiƙin farko, in ya cika ya tsallaka na biyu, har zuwa ƙarshe. In ya yi saura ya faɗa shafi na biyu, ka rage filin da aka bari a bakin takarda, ka rage ratar da ke tsakanin ginshiƙai, ka mayar da harafi maki 10. In kuma ka ga jadawalin ya fi ginshiƙi faɗi, ka jawo bakinsa ya tsuke.

Wannan hanya ita ta fi sauƙi, ba ta bukatar lissafi ko kaɗan. Aibinta ɗaya ne. Abin da ke cikin Word kwafi ne, in aka gyara suna a jerin asali ba zai gyaru a can ba, sai an sake kwafowa.

Hanya ta biyu: a sa lissafi ya ɗauko sunayen

Wannan ita na fi so, don tana aiki a tsohuwar Excel da sabuwa, kuma tana aiki a LibreOffice Calc wadda ake samu kyauta. Ka raɗa wa fallen asali suna Jeri, kada ka taɓa shi. Ka buɗe sabon falle ka kira shi Bugu. A cikin Bugu za mu yi amfani da ginshiƙai takwas, biyu biyu: A da B, C da D, E da F, G da H. Na farkon kowane biyu na lamba ne, na biyun na suna.

A gidan A1 ka rubuta =ROW() wanda ma'anarsa ita ce, ba ni lambar layin da nake. A C1 ka rubuta =A1+48, a E1 ka rubuta =C1+48, a G1 ka rubuta =E1+48. Za ka ga 1, 49, 97 da 145 sun bayyana, watau lambobin da za su zauna kan kowane kashi.

Sa'an nan a B1 ka rubuta =INDEX(Jeri!$B$2:$B$193,A1). Kada tsawonsa ya ba ku tsoro. Abin da yake cewa kawai shi ne, je ka fallen Jeri, ka duba sunayen da ke tsakanin B2 da B193, ka ƙirga daga sama gwargwadon lambar da ke gefena, ka kawo mini sunan da ka tarar. Alamar dala kuwa turke ce, ita ke ɗaure iyakar jerin kada ta gusa sa'ad da aka kwafi lissafin zuwa wani gida. Ka kwafi B1 ka ajiye a D1 da F1 da H1, kowanne zai koma duban lambar da ke hagunsa. Daga ƙarshe ka zaɓi A1 zuwa H1, ka kama ɗan ɗigon da ke kusurwar dama ta ƙasa, ka ja har layi na 48. Shi ke nan, sunaye 192 sun jeru kashi huɗu, ba wanda hannu ya taɓa.

Amfanin wannan hanya shi ne in Malam ya gyara harafi ɗaya a Jeri, nan take zai gyaru a Bugu. Da yake lissafin ya fara daga layi na 1, kanun takarda sai a rubuta shi a filin da ke can saman shafi, wanda Excel ke kira Header. In kuwa an sami ƙarin ɗalibi suka zama 193, sai a sake rabo. Gida huɗu ya ba da 48 da saura, don haka a mayar da 48 ya zama 49, a mayar da 193 na cikin lissafi ya zama 194, a ja har layi na 49, a ɗan rage filin sama da na ƙasa don layin ya sami wuri. Gidaje uku na ƙarshe za su nuna #REF! domin babu sunan da za su ɗauko, sai a share su tare da lambobinsu. Wanda kwamfutarsa ke aiki da Faransanci, kamar yadda aka saba a Nijar, zai rubuta LIGNE a maimakon ROW, ya sa waƙafi mai ɗigo a inda na sa waƙafi.

Hanya ta uku: ga mai sabuwar manhaja

Cikin 2022 kamfanin Microsoft ya ƙara wa Excel wani lissafi mai suna WRAPCOLS, wanda aikinsa ke nan, naɗe jeri. A gidan A1 na sabon falle sai ka rubuta =WRAPCOLS(Jeri!A2:A193&". "&Jeri!B2:B193,48,""). Wannan layi ɗaya zai haɗa kowace lamba da sunanta, ya zuba 48 a ginshiƙin farko, ya tsallaka na gaba, har su ƙare. Alamun zance biyu na ƙarshe su ke sa gidan da ya rage ya zauna fari. Sai dai Excel ta 2016 da ta 2019 da ta 2021 ba su san shi ba, sai Microsoft 365 da Excel ta 2024. Google Sheets ma tana da shi. In ka rubuta ka ga #NAME? to manhajarka tsohuwa ce, ka koma hanya ta biyu.

Kafin a danna bugu

Ko wace hanya mutum ya bi, akwai abubuwa biyar da Malam ya ce kada in sake bugawa ban duba su ba.

Na farko, in za a jera sunaye bisa abacada, a yi haka a jerin asali tun kafin a naɗe. Wanda ya ce zai jera bayan an naɗe, zai cuɗa mutane, lamba ta rabu da mai ita.

Na biyu, a duba irin takardar da kwamfuta ta zaɓa. Sau da yawa takan zo da ta Amurka, mai suna Letter, wadda tsawonta milimita 279 ne, ta gaza A4 da milimita 18. Wannan ya isa ya tura layuka uku zuwa wani shafi.

Na uku, a duba faɗi. In an bar milimita 10 a dama da hagu, saura 190, kowane kashi ya sami 47 da rabi. In aka ba lamba 8, abin da ya rage wa suna zai ɗauki wajen harufa 20 masu maki 10. Mu kuwa sunayenmu akwai masu tsawo, ga sunan yanka, ga na uba, ga na gari. Excel in suna ya fi gidansa tsawo, kuma gidan da ke gaba ba fari ba ne, sai ta ɓoye wutsiyar sunan ba tare da ta yi gargaɗi ba. Saboda haka a nemo suna mafi tsawo a tabbata ya fito duka. In ya ƙi, gara a yi kashi uku mai 64, a rage harafi zuwa maki 9, ko a roƙi gurbin takarda ta biyu, da a gutsure wa mutum suna.

Na huɗu, wanda shi ne ya kā da ni, a bi kai da gindin kowane kashi da yatsa: 1 zuwa 48, 49 zuwa 96, 97 zuwa 144, 145 zuwa 192. In gindin wannan da kan na gaba ba su bi juna ba, to wani ya faɗi a hanya. In ginshiƙi ya gaza 'yan'uwansa, a tsaya a nemi dalili. Wannan dubawa ba ta kai minti ɗaya ba.

Na biyar, a buga ɗaya tukuna, a manna a bango, a ja da baya taku biyu a karanta. A tuna cikin masu zuwa duba allo akwai dattawa waɗanda idonsu ba irin namu ba ne.

Kammalawa

'Yan'uwa, wannan dabara ba ta tsaya kan sunayen 'yan jarrabawa kaɗai ba. Sakataren ƙungiyar iyaye da malamai mai jerin waɗanda suka biya kuɗi, da mai kanti mai jerin kaya da farashinsu, da mai tsara sunayen waɗanda za a gayyata biki, duk za su amfana da ita. Takarda biyar ta koma ɗaya, kuma kowa ya san a shagon bugu kowane shafi da kuɗinsa. In takarda 100 za a raba wa iyaye, bambancin ya kai takardu 400, saura kaɗan ya cika ƙunshi guda mai 500.

Amma ni abin da na fi ƙaruwa da shi ya wuce tattalin takarda. Dā ina ganin sunayen nan layuka ne kurum a cikin kwamfuta. Tun ran da dattijon nan ya tsaya a gabanmu na gane kowane layi mutum ne, a bayansa kuma akwai gida guda masu sa ido. Washegari na sake buga takardar ta hanya ta biyu, na bi ta da yatsa sau uku kafin in kai wa Malam. Shi kuma abokina mai lamba 97 ya yafe mini, har yanzu tare muke karatun dare, sai dai duk sa'ad da ya gan ni gaban kwamfuta yakan ce, "A dai ƙirga da kyau."

Ina roƙon iyayenmu, in wata rana kun duba allo ba ku ga sunan ɗanku ba, ku fara tambaya a ofis kafin ku yanke hukunci, domin matambayi ba ya ɓata. Ku kuma 'yan'uwana, duk wanda ke son ya gwada hanyoyin nan da hannunsa, ya same ni a ɗakin kwamfuta bayan an tashi, mu yi tare, don gani ya kori ji. Nan zan dasa aya.